Waƙar Ƙofofin Ruwa a Tankarma

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse, ya ba mai haƙa haƙuri, ya raba ƙasashe da harsuna, ya ɗora waɗansu a kan karaga, ya sauke waɗansu. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ni ne Tunau ɗan Jatau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙin rijiya, mutumin Kwarin Adara. Abin da idona ya gani shi zan faɗa. Abin da aka gaya mini kuwa, zan ambaci wanda ya gaya mini.

A shekarar da na cika talatin da biyar, ruwan rijiyoyin garinmu ya fara gudu ƙasa. Inda ubana yake samun ruwa a gaba goma sha biyu, ni sai in kai gaba talatin ina tono busasshen yashi. Wani falke ya ba ni labarin wani birni can bayan Tekun Laka, sunansa Tankarma, inda mutane suka tsare ruwan damina a kan tsauni, suna sha har wata daminar ta zagayo. Na ce sai na ga yadda aka yi. Na ɗauki igiyata mai ƙulle-ƙulle wadda nake awon zurfi da ita, da gajeren dagina, na yi sallama da iyali, na kama hanya.

Tekun Laka ba ruwa ba ne, ba kuma tudu ba ne. Jirgi ba ya tafiya a kansa, ƙafa kuma nutsewa take yi. A bayan kunkuru ake ƙetare shi, irin wanda ya kai faɗin tsakar gida, an kafa rumfa a kan bayansa. Matuƙi yakan rataya damin ganye a bakin doguwar gora ya miƙa gaban hancinsa, duk inda ya karkata gorar nan kunkurun zai bi. Kwana goma sha tara muka yi a haka, muka sauka a tsibirin Gurmaza.

Ban gama wanke laka daga ƙafata ba mutane suka kewaye ni da kiɗa, suka naɗa mini rawani, suna cewa ga sarki ya zo. Na yi murna kwana biyu. A rana ta uku mai dafa mini abinci, wata mata mai tausayi, ta ja ni zaure ta nuna mini rawuna goma sha huɗu a rataye.

Ta ce, “Mu ba ma naɗa ɗan gari. Duk shekarar da gero bai yi ba, sarki ake jefawa cikin laka, don a sami wanda za a ɗora wa laifi a zauna lafiya. Waɗannan na waɗanda suka riga ka ne.”

Na hau katanga na leƙa gonakinsu, na ga geron ya soma yin ja. Sai na tara fadawa na ce, a al'adar ƙasarmu sabon sarki da hannunsa yake haƙa rijiya a bayan fada, kuma ba mai kallonsa. Suka ce madalla, suka tsaya gadi a ƙofa. Na yi ƙasa gaba huɗu, sa'an nan na karkata na bi ta ƙarƙashin katanga. Kwana goma sha ɗaya ina tono, na ɓullo cikin ciyayi a bakin gaɓa da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kwantar da kowa. Wani matuƙi yana shirin tashi, na faɗa rumfarsa. Rawanin a bakin rijiyar na bar musu shi.

Daga inda ya sauke ni na yi kwana arba'in a ƙafa, na isa Tankarma.

Birni ne da aka gina a jikin tsauni, hawa bakwai, kowane hawa da ganuwarsa da kasuwarsa. Can a ƙololuwa akwai tafki da mutanen dā suka datse da bangon dutse, tsawonsa ya fi harbin kibiya uku. A jikin bangon akwai ƙofofin ƙarfe goma sha biyu. Kowace ƙofa tana da gungume mai hannaye, maza takwas ke murɗa shi, sarƙa ta naɗe, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya bi magudanarsa ya sauka.

Na iso wata huɗu bayan an yi juyin mulki. Mai masaukina, wani majemi a hawa na bakwai, wato na ƙasa duka, shi ya ba ni labari. Ya ce shekara ɗari uku gida ɗaya ke riƙe da ruwan, sarkinsu ana ce masa Mai Tafki. Ruwa yakan fara sauka hawa na ɗaya a yi wanka da shi, ya wuce na biyu a yi wanki, haka-haka har ya iso na bakwai ya zama abin da ko jaki sai ya shinshina ya kau da kai. Mai son ruwa mai kyau sai ya hau matakala dubu biyu da tulu. Ana nan sai wani ɗan garuwa mai suna Korau ya binne 'yarsa, wadda ciwon ciki ya kashe. Da ya dawo daga maƙabarta bai shiga gida ba, ya ɗauki tulunsa ya je ya fasa a ƙofar hawa na shida. Kafin la'asar an fasa tulu dubu a wurin. Kwana shida ana gwabzawa hawa-hawa, har masu gadin fada suka zubar da masu, Mai Tafki Shekarau ya gudu ta bayan tsauni.

Aka kafa majalisa ta mutum bakwai, ɗaya daga kowane hawa, Korau ne shugaba. Aka gyara magudanai, kowa ya sami ruwa mai kyau. Na sha a gidan majemin nan, na shaida gaskiya ne. Aka hana durƙusa wa mutum, aka hana cewa ranka ya daɗe, kowa ɗan'uwa ne. Wani ɗan majalisa mai suna Cindo, wanda dā magatakarda ne a fada, shi aka ɗora wa aikin share duk abin da ke tuna wa mutane sarakuna. Ya sa aka kankare sunayensu daga bangaye, aka ƙona tambura, aka hana waƙoƙin dā. Masu murɗa ƙofofi kuwa, da yake bayin fada ne, waɗansu sun bi sarki, sauran an kore su. Ƙofa huɗu sababbin masu mulki suka buɗe. Sauran takwas ba wanda ya san inda suke kaiwa, sai aka bar su a rufe.

Damina ta riga ta faɗi, an yi ruwa sau uku. Na hau ƙololuwa na shiga awon bango da igiyata. A gindinsa, tsakanin ƙofa ta takwas da ta tara, na ga ruwa yana tsattsafowa. Na tara a tafin hannu na murza, na ji ƙasa. Duk mahaƙi ya san in ruwa ya tsattsafo garau ba kome, amma in ya fito da ƙasa, bango ne ke cin kansa daga ciki. Ina nan tsugune masu gadi suka damƙe ni, suka ce ɗan leƙen asirin Shekarau ne.

Suka jefa ni cikin tsohon rumbun fada, wanda suka mai da kurkuku. Na tarar da wata tsohuwa a zaune, 'yar ƙarama, kanta fari fat. Sunanta Hakama.

Ta ce, “Kai kuma me ka rera?”

Na ce, “Ban rera kome ba, Iya. Awo na yi.”

“Me ka gani?”

Na gaya mata. Ta ce, “Tafkin ya kai ina?”

“Saura gaba biyu ya taɓa baki.”

Ta ce, “To, mun mutu, ɗan nan. Ruwan Giwa yana tafe.”

Ta bayyana mini cewa kowace damina akwai wani ruwa guda da ke sauka kamar an tsage sama, kwana uku bayan fararen tsuntsayen tsaunin sun tashi sun bar sheƙunansu. In aka bar ƙofofi a rufe, bango ya fashe ya share birni duka. In aka buɗe su gaba ɗaya, magudanai su haɗu su share hawa na shida da na bakwai. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da lokacinta da iyakarta. Ita ce zabiyar ƙofofi shekara hamsin, a wurin uwarta ta gada. Takan tsaya a hasumiyar tsakiyar bango ta rera, kowane baiti ƙofa ɗaya ce mai sunan wani sarki. In mazan ƙofa suka ji sunan nasu sai su fara murɗawa, kowane amshi juyi ɗaya, in baiti ya ƙare su tsaya.

Ta ce, “Ba a rubuta ta ba. A bakina take. Na rera ta a bakin tafki don kada ta kuɓuce mini, shi ne Cindo ya sa aka kawo ni nan.”

Da safe aka kai mu gaban majalisa. Na zube na ce ranka ya daɗe.

Korau ya ce, “Tashi, ɗan'uwa, nan ba a wannan.” Dogo ne, ramamme, kafaɗunsa duk kanta saboda ɗaukar sanda da tuluna. Ya saurare ni har na gama bayanin bango da buƙatar waƙar tsohuwa, bai katse ni ba. Ya tashi da kansa muka je gindin bango, ya tari ruwan ya murza. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Fararen tsuntsaye suna ta ficewa garke-garke.

Cindo ya ce, “Makirci ne. Mutanen hawa na ɗaya da na biyu har yau takubbansu suna ƙarƙashin gado. Su ji sunan Shekarau yana tashi daga hasumiya, su ce ya dawo. Wa zai tare su?”

Korau ya juya wurin tsohuwa. “Iya, ki rera ba sunaye.”

Ta ce, “In ba suna, wa zai san ƙofarsa? Kiɗan ma karyewa zai yi. Ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba. Haka uwata ta ba ni.”

Korau ya ce, “Ni kuma ba zan tsaya ina ji ana yi wa mutumin da ya shayar da 'yata ruwan kwatami kirari ba. Mutum dubu sun fasa tulu a bayana. Me zan ce musu?”

Aka yi cirko-cirko. Ni dai ina ta ƙirga sunan sarkin a yatsuna, She-ka-rau, gaɓa uku. Na ce, “Ɗan'uwa, yaya sunan 'yar taka?”

Ya dube ni kamar zai mare ni, sa'an nan ya ce, “Lantana.”

Na ƙirga a gabansu. Gaɓa uku. Na ce in kiɗa ne abin tsoro, ga suna da zai zauna daidai inda wancan ya tashi, sauran sha ɗayan ma ba za a rasa ba.

Hakama ta ce, “Wace ce Lantana? Me ta gina?”

Na ɗauka Korau zai fusata. Sai ya ce, “Iya, kin taɓa sauka hawa na bakwai?”

“Me zai kai ni?”

Ya durƙusa ya ba ta baya. Ta yi gardama, ya ce ya ɗauki abin da ya fi ta nauyi shekara ashirin. Haka ya goye ta ya sauka matakala dubu biyu, ina biye, mutane suna fitowa kallo. Ya kai ta bakin tsohuwar magudana, wadda har yanzu baƙar dauɗa ta daskare a jikinta. Daga nan ya kai ta maƙabarta. Na ga maƙabartu a ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin wadda ƙananan kaburbura suka rinjayi manya haka ba. Yawancinsu ba su wuce kamu biyu ba. Mata suka taru a bayanmu.

Hakama ta sauka daga bayansa ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Akwai ƙofar da ke kawo ruwa nan kai tsaye, ba ta bi ta gidan kowa ba?”

Na ce, “Akwai, Iya. Na bi magudanarta da ƙafa ran da na hau. Ta goma sha biyu ce.”

Ta rera baitin ƙofar a hankali, a numfashi ɗaya ya ƙare. Ta ce, “Baitin ƙofar farko amshi arba'in ne. Wannan amshi uku. Shekara hamsin ina rera shi, na ɗauka don a sauƙaƙa wa zabiya aka gajarta shi.” Ta zauna a ƙasa ta gyara zanenta. “Ku kawo sunayen.”

Mata suka yi layi. Kowace ta faɗi nata, tsohuwa ta gwada a harshe ta ji ko zai hau kiɗa. Inda sunan Mai Tafki Bawa yake, Dije ta shiga. Inda Gajere yake, Talatu ta shiga. Sunaye suka fi ɗari huɗu, ƙofofi kuwa sha biyu ne. Wata mata da nata bai samu shiga ba ta fashe da kuka, Hakama ta riƙe hannunta ta ce kowace damina za a sauya, sai an zagaya kan kowa. Baiti na sha biyu kuma, inda Lantana ta shiga, ta ƙara masa amshi har ya kai na farko.

Kwana biyu muka yi muna koya wa 'yan garuwa casa'in da shida murɗi, muna zuba man gyaɗa a sarƙoƙin da suka yi tsatsa. A rana ta uku, bayan azahar, gabas ta yi baƙi, Ruwan Giwa ya sauko. Ban iya ganin ƙarshen bango daga tsakiya ba. Amma muryar tsohuwar nan, wadda in tana magana sai ka matso, ta ratsa ruwan kamar an busa ƙaho. Ta kira Dije, ƙofar farko ta ɗaga. Ta kira Talatu, ta biyu ta bi. Haka har ta takwas.

Ta tara ta ƙi motsi. Wani kututture ya toshe bakinta, tafki kuwa ya fara lasar saman bango. Na ɗaura igiyata a ƙugu na miƙa wa Korau ɗaya bakin, na sauka da dagina. Ruwa ya kai mini wuya. Na soka dagin tsakanin kututturen da ƙarfe, na taka bango na danna da dukan ƙarfina. A karo na uku ya kauce. Ƙofar ta ɗaga, ruwa ya fizge ni, igiya ta tsinke. Na san in na yi kokawa da shi zai farfasa ni a jikin duwatsu, sai na dunƙule na rungume gwiwoyina na rufe kai, na bar shi ya yi yadda ya ga dama. Ya bi da ni ta cikin tsauni, ya tofo ni a hawa na huɗu, cikin marina, tsakiyar ramin baba. Marina suka tsamo ni da haƙarƙari biyu a karye, shuɗi tun daga kai har ƙafa, wata guda kafin ya fita. Ina kwance a bakin ramin na ji muryar tana saukowa daga sama tana kiran Lantana, amshin maza yana biye, har sau arba'in.

Bango bai fashe ba. Katangar kasuwar hawa na shida ta faɗi, sarƙar ƙofa ta biyar ta tsinke ta kashe mutum biyu. Mutanen sama ba su fito da takobi ba. Waɗansunsu ma su suka kama hannayen gungumen da mamatan suka saki.

Na zauna a Tankarma shekara uku. Muka toshe ɓarakar bango da yumɓu da dutse, na koyi yadda ake ɗora harsashinsa, Hakama kuma ta koya wa mata huɗu waƙar. A shekara ta biyu ciwon ƙirji ya kashe Korau, aka binne shi a hawa na bakwai kamar yadda ya yi wasiyya. Majalisa ta zaɓi Cindo. Sannu a hankali mutane suka koma durƙusa masa, ko da yake har yanzu ɗan'uwa suke ce masa. Wata rana ya zo wurin tsohuwa da rago da turmin zane, ya ce ya kamata a sa sunan shugaba a waƙa, don mutane su san mai kula da ruwansu.

Ta ce, “Ƙofa sha biyu ce, ɗana, masu jira kuma da yawa, duk sun riga ka mutuwa.”

Ya tafi abinsa. Da rani ya yi, ya tara magina aka gina ƙofa ta goma sha uku a ƙarshen bango, a kan busasshen dutse inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Aka lulluɓe ta da tagulla, aka yi mata gungume da sarƙa da maza takwas. Ya aiko da umarni a yi mata baiti mai amshi hamsin. Na ɗauka Hakama za ta koma rumbu, amma ko musu ba ta yi ba, ta tsara masa, har da kirari mai daɗi.

Na ce, “Iya, ke da kika ce ba za ki taɓa harafi ba?”

Ta ce, “Ka tsaya ka ga damina.”

Na tsaya. Tsuntsaye suka tashi, Ruwan Giwa ya sauko, aka bi ƙofofi sha biyu da sababbin sunaye, tafki ya ja baya, hadari ya fara washewa. Sa'an nan ta ɗaga murya ta kira Cindo. Maza takwas suka shiga murɗa gungumen tagulla, ƙofa ta ɗaga, ƙadangare biyu suka fito da gudu. Sauran maza casa'in da shida suka zauna a kan bango suna matse riguna, suna cin dafaffiyar gyaɗa, suna ba da amshi da cikakken baki. Cindo yana tsaye ƙarƙashin laima yana gyaɗa kai, har aka kai hamsin.

Da ta sauko daga hasumiya na kama hannunta a matakala. Ta ce, “A ƙarshe na sa shi, bayan ruwa ya gama wucewa. Ya yi tsawon da yake so.”

Washegari na ɗaure kayana na sauko daga tsaunin. Iyakar abin da na gani ke nan a Tankarma. Abin da ya biyo baya a birnin, Allah ne masani.